Kuntigin Ɗan Maraya Jos: A Ceto Kaset-Kaset Tun Suna da Sauran Murya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, mu yi magana a kan marigayi Dokta Adamu Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa da rahama, da kuma amanar da ya bar mana wadda take lalacewa a kan idonmu.

Duk shekara in watan Yuni, watan da ya rasu, ya zagayo, gidajen rediyo sukan sako waƙoƙinsa, marubuta su tuna da shi, matasa su yi ta yaɗa hotonsa a Facebook yana rungume da kuntigi. Duk wannan daidai ne, ya ma cancanci fiye da haka. Sai dai yabo ba ya hana tef yin fumfuna. Muryar Ɗan Maraya ta ainihi tana kwance ne a faya-fayai da kaset-kaset da manyan tef na gidajen rediyo, da yawansu sun haura shekara 40, wasu sun kai 50, kuma kayan nan suna da wa'adi. Sanin haɗa kuntigi da kaɗa shi kuwa ya rage a hannun tsiraru, galibinsu dattawa. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

An haifi Adamu a Bukuru, kusa da Jos, a 1946, zamanin da haƙar kuza ke jan Hausawa daga ko'ina zuwa tsaunukan Filato. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Mahaifin ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyar ma ba ta jima ba ta bi shi, sai Sarkin ya ɗauki yaron ya riƙe. Sunan da duniya ta san shi da shi daga nan ya samo asali. Yana yaro tafiya ta kai shi Maiduguri, ya ga makaɗan can, ya haɗa wa kansa kuntigi, bai kuma rabu da shi ba har ranar Asabar 20 ga Yuni 2015, a farkon watan azumi, da Allah ya karɓi abinsa a Jos. Kafin nan Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar yabo ta ƙasa.

Wanda yake son ya gane girman aikinsa ya dubi yadda sauran manyan makaɗa ke fitowa fage. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da kotso da 'yan amshi. Shata yana da masu kalangu da 'yan amshi. In jagora ya yi ɗa, wato baiti, yara su karɓi gindin waƙa, wato amshi, shi kuma ya sami sararin numfashi, ya shirya ɗan da zai biyo baya. Ɗan Maraya ba shi da wannan gata. Shi ne jagora, shi ne makaɗi, kuntigin kuma shi ne ɗan amshinsa. In ya tsaya shan iska sai tsirkiyar ta riƙe masa waƙar da wani gajeren kari mai sauri wanda take maimaitawa, kowace waƙa da nata. Da ya koma rerawa sai yatsunsa su sake karin, su riƙa bin muryarsa, inda ta hau su hau, inda ta sauka su sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, sai mai sauraro ya ji kamar tsirkiyar ma magana take yi. Mutum ɗaya da tsirkiya ɗaya, amma ba ka jin wani gurbi a cikin waƙar.

Sai kuma waɗanda ya zaɓa ya waƙe. Waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, wato yaron nan da ke ɗaure kaya, ya sa weji a kan tudu, ya shiga ƙarƙashin mota in taya ta yi faci, ya tura in ta ƙi tashi, ya kwana a kan buhuna yana gadi direba yana ɗaki. Mutumin da ba shi da abin da zai ba maroƙi, shi aka yi wa waƙa, kuma waƙar ta zagaye ƙasa. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama. Bayan haka ya shiga cikin gida ya taɓo abin da ake jin nauyin faɗa: Auren Dole, Jawabin Aure, Gulma Wuya. Yakan saka zance a bakin mutanen da ke cikin waƙar, wannan ya faɗa wancan ya mayar, har ka ga tsakar gidan a idonka. A ganinmu a nan ne ya fi kowa, domin ya yi wa'azi ba tare da ya hau mumbari ba, kuma waɗanda yake yi dominsu sun ji, sun san da su ake.

Bari mu fara da kayan kiɗan, don shi ne aka fi rainawa. Mutane suna ganin gwangwani da sanda sai su ɗauka wasan yara ne. Haɗa kuntigin da zai yi magana yana da ƙa'ida.

A da jikinsa ƙaramar ƙwarya ce. Daga baya aka koma ga babban gwangwanin kifi mai siffar ƙwai, irin wanda aka san Ɗan Maraya da shi. Ikon Allah, gwangwanin wancan zamani ƙarfe ne da aka shafe da kuza, abin da ake haƙa a garin da aka haife shi. Da yawa daga na yanzu ba su da kauri, wasu ma na alminiyam ne. A gwada da babban yatsa: in gefen ya lotsa da ɗan matsi, a bar shi, domin fata in ta bushe za ta ja shi ya lanƙwashe, ita kuma ta saki. In an sami mai ƙwari, a cire murfin gaba ɗaya, a bubbuge bakin da guduma har kaifin ya kwanta, in ba haka ba shi zai yanke fatar. A wanke man kifin tas da toka ko sabulu, a shanya. Man da ya rage yana ruɓar da fata, yana kuma kiran kiyashi da ɓera.

Fatar ɗanya ake so, ta akuya, marar kauri. Jemammiya ba ta yi, don jima tana tausasa fata, taushi kuwa shi ke kashe amo. A jiƙa ta kwana guda, a kankare gashi da sauran kitse, a yanka ta zarce bakin gwangwanin da kamar yatsa uku ta kowane gefe. A huda gefen, tsakanin huda da huda kamar faɗin yatsa, kada a matsa kusa da baki sosai don zare zai tsaga ta. Wajen ɗauri a riƙa ja gefe da kishiyarsa, gaba da baya, dama da hagu, kaɗan-kaɗan. Wanda ya bi layi ya ja gefe ɗaya ya gama kafin ya koma ɗayan, fatarsa za ta bushe da tattara, kuma tattara ba ta gyaruwa sai an sake jiƙawa. Sandar ta zama miƙaƙƙiya, busasshiya, kaurin yatsa, a kuma soka ta tun fatar tana da laima don in ta bushe ta kama ta gam. Ɗanyen icce yana karkacewa bayan 'yan makonni, ya tafi da tsirkiyar gefe. A yanka 'yar kafa a fatar inda amo zai fita. Shanya a inuwa ake yi, wurin da iska ke wucewa, kwana biyu da rani, fiye da haka da damina. Rana tana busar da saman ta bar cikin, sai fatar ta dare.

Tsirkiya a da izgar doki ce ake murɗawa, yanzu da yawa sun koma zaren nailan na masunta don yana jure laima. Tana hawa kan jaki, ɗan iccen nan da ke zaune a kan fata yana kai mata girgizar tsirkiya. In jaki ya yi tsawo yatsa zai wahala wajen dannawa, sautin kuma ya riƙa zarce inda ake nufi. In ya yi gajarta tsirkiya ta riƙa goga a sanda tana zuza. Can sama ana ɗaure ta da zoben fata, wanda ake turawa sama ko ƙasa don a ɗaga murya ko a sauke. In zoben yana zamewa, a jiƙa shi a bar shi ya bushe a kan sandar. A ƙarshen sandar kuma akan kafa ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan zobba, shi ke ba da kacau-kacau ɗin da ke raka kiɗan. Babu alamar wurin danna yatsa a jikin sandar, kunne ne kawai ke nuna wa makaɗi. Wannan shi ne abin da ba a koya a takarda.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da damina fata tana saki, amo ya dushe, sai makaɗi ya kanga ta kusa da garwashi, nesa gwargwadon yadda bayan hannu zai iya jurewa, yana ƙwanƙwasawa har muryar ta dawo. In ya matsa kusa ta ƙone, ta gama aiki. Da hunturu kuma ta ɗame fiye da kima, sai a nisanta ta da rana a ajiye a jaka.

Duk wannan ana iya ɗaukarsa a bidiyo cikin mako guda, in an sami dattijon da ya iya. A sa kyamara ɗaya a kan hannunsa, ɗaya ta ɗauki jikinsa duka, a bar shi ya ambaci sunan kowane ɓangare da bakinsa, domin sunayen suna bambanta daga gari zuwa gari kuma su ma gado ne. In an zo ɗaukar kiɗa, a nemi ya kaɗa kowane kari sau biyu, ɗaya da saurinsa na fage, ɗaya a hankali don mai koyo.

Yanzu ga babbar matsalar, wato sautin da aka riga aka ɗauka.

Yawancin abin da ke yawo a wayoyi kwafin kwafi ne. An ɗauko daga kaset na kasuwa, wanda shi ma daga wani kaset aka juyo shi da na'ura mai gudu, aka mayar MP3, aka tura, wani ya sake matse shi ya tura. A kowane zango abin da ke fara zubewa shi ne siririn sauti na sama. Kuntigi kuwa a can saman yake zaune, shi da zobbansa. Shi ya sa yaron yanzu zai ji waƙar ya ce kiɗan ba shi da daɗi, alhali bai taɓa jin kiɗan ba, inuwarsa ya ji. Saboda haka aikin farko shi ne neman mafi kusa da tushe: babban tef na gidan rediyo, sai faifan garmaho, sai kaset na asali, na kasuwa ya zo ƙarshe. Amma akwai wanda ya riga duk waɗannan wajen gaggawa, shi ne kaset ɗin da wani ya ɗauka da rikodarsa a wurin biki ko taro. Wannan guda ɗaya ne a duniya, in ya tafi ya tafi.

Kafin a kunna kowane kaset, a ɓalle 'yan harsunan nan biyu na samansa, don kada hannu ya kuskure ya danna ɗauka a shafe abin da aka zo ceto. A duba ta tagar kaset ɗin. In an ga fari-fari ko toka-toka a jikin naɗin, fumfuna ce, a ware shi cikin leda daban, kada a sa shi a na'ura, don zai shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. A duba ɗan audugan nan da ke ƙarƙashin tef a tsakiyar baki, wanda ke danna tef a kan hed, wato ɗan ƙarfen na'ura da ke karanta sautin. Gam ɗinsa yana bushewa ya faɗi, in babu shi kuwa murya za ta fito a dishe, tana zuwa tana ɗaukewa. Maganinsa a sami wani kaset mai kyau irin mai sukurori biyar, a kwance, a mayar da naɗin tsohon cikin sabon gidan. A sa biro a juya da hannu a ji ko yana tafiya ba tare da tirjiya ba. In ya tsinke, akwai salatif na musamman na haɗa tef. Salatif na kanti gam ɗinsa yana tsattsafowa ya manne naɗin da ke kusa. Sannan a zarce da shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya, don naɗin ya daidaita. Kaset mai lamba C60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, C90 minti 45, C120 kuwa tef ɗinsa siriri ne ƙwarai, shi na'ura ta fi taunewa, a tsaya a kansa har ya gama.

Na'urar ita ma sai an duba ta. Kaset yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. In bel, wato zoben robar da ke juya na'urar, ya tsufa gudun zai canza, in ya ƙaru da kashi 6 cikin 100 muryar ta hau da kusan rabin mataki a ma'aunin masu kiɗa, sai a ji dattijo ya koma kamar saurayi, kuntigin kuma ya zama wani abu daban. In gudun yana rawa kuma, tsirkiyar za ta riƙa kuka kamar ana lanƙwasa ta. A sake bel, a gwada gudun da kaset na gwaji wurin mai gyara. A goge hed da auduga da sifirit mai ƙarfi, irin na kashi 99, a bar shi ya bushe, a goge robar da ke jan tef har baƙi ya daina fita. A maimaita bayan kowane kaset biyu ko uku, don tsohon tef yana zubar da gari. Sai abu guda da mutane da yawa ba su sani ba, alhali shi ya fi kawo bambanci. A gefen hed akwai ɗan sukuru da ke karkata shi. Kowane kaset da karkatar na'urar da ta ɗauke shi. A haɗe sautin dama da hagu su zama ɗaya, a sa abin ji a kunne, a juya sukurun kaɗan-kaɗan da ƙaramin sukundireba wanda ba shi da maganaɗisu, a tsaya daidai inda zobban kuntigi suka fi fitowa tar. Abin da ake tsammanin ya mutu a kaset sau da yawa a nan yake dawowa.

Manyan tef na gidajen rediyo, masu faɗin kwatan inci, galibi suna tafiyar santimita 19 ko 38 a daƙiƙa, kuma cutarsu iri biyu ce. A ɗaga naɗin a hasken fitila. In haske yana ratsawa ta gefe, tsohon samfuri ne na asitet, mai saurin tsinkewa, wanda in ya fara ruɓa yake warin binega. A raba shi da sauran, a fara juye shi. In haske ba ya ratsawa, na roba ne, shi kuma cutarsa danƙo: sinadarin da ke riƙe garin sautin yana shan laima, sai tef ya riƙa ƙara yana mannewa a hed yana barin baƙin datti. Da an ji wannan ƙarar a kashe na'ura nan take, domin abin da ke gogewa shi ne waƙar kanta. Masana suna gasa irinsa a zafin digiri 50 zuwa 54 na tsawon awanni a cikin na'urar da ke riƙe zafi daidai, sai ya lafa na 'yan makonni a samu a juye. Wannan ba aikin murhu ba ne ko tandar burodi, kuma ba a yi wa na asitet sam. A bar wa wanda ya koya.

Faifan garmaho ya fi tef jure shekaru, zafi da allura ne abokan gabansa. A wanke da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a bi zagayen layin da ƙyalle mai laushi, a kiyaye takardar tsakiya, a jingine ya bushe. A tabbatar an sa gudun da ya dace, 45 ko 33 da sulusi. Allurar da ta cinye tana sassaƙe layin a wucewa ɗaya. Ɗora kwabo a kan hannun allura don kada ta yi tsalle, wanda aka saba yi a da, shi ya kashe faya-fayai masu yawa.

Wajen juyewa cikin kwamfuta, a fito da sautin ta waya kai tsaye daga na'ura zuwa akwatin sauti mai kyau. Kanga wayar hannu a bakin lasifika ɓata lokaci ne. A ajiye shi a WAV, wato fayil ɗin sauti wanda ba a matse ba, a ma'aunin inganci na bit 24, kilohaz 96, in ya gagara 48. Awa ɗaya a 96 tana cin kamar gigabait 2, a 48 kamar gigabait 1, wato faifan ajiya mai terabait 2 zai ɗauki kaset C60 sama da 900 ko a babban ma'aunin. Kada a cika ƙarfin sauti har ma'auni ya taɓa ja, don abin da ya fashe a nan ba ya gyaruwa. A yi aiki da batir ko inbata, saboda janareto yana shigo da gurnani cikin layi, wuta kuma in ta ɗauke a tsakiya sai an sake daga fari. Kwafin farko a bar shi yadda ya fito, da shuu ɗinsa da tarin mutane da kukan zakara. Manhajar share hayaniya ba ta bambanta shuu na tef da kacau-kacau na kuntigi, tare take kwashe su. Wanda yake son gyara ya yi a kwafi na biyu, daga shi kuma a fitar da MP3 na rabawa. A ajiye kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Filash da memori ba ma'ajiya ba ce, abin ɗaukar saƙo ne. A kuma ƙiyasta awa 2 zuwa 3 na aiki ga kowace awa ɗaya ta sauti, don kada a yi alkawarin da ba za a cika ba.

Bayan an juye kada a zubar da na asalin, wata rana za a sami na'urar da ta fi ta yau. A jera su tsaye kamar littattafai, a kan kanta, nesa da ƙasa da bango mai laima, nesa da lasifika saboda maganaɗisun da ke cikinta. Ɗaki mai sanyi ƙasa da digiri 20 in da hali, laima tsakanin kashi 30 da 50. In ta haura 65 ta daɗe, fumfuna ta samu gida. Jos, da take kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Allah ya ba ta sanyin, amma daminarta mai ƙarfi ce, sai an haɗa da na'urar tsotse laima.

Sauti ba tare da bayani ba rabin aiki ne. Kowane kaset a ba shi lamba, a ɗauki hoton gabansa da bayansa da duk rubutun da ke jiki, a rubuta sunan waƙa, wurin da aka ɗauka, shekara, wanda ya ɗauka, da wanda ya kawo. Inda ba a sani ba a bar gurbin, kada a cike da zato. Makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya, yau ya ƙara ɗa gobe ya rage, don haka in an sami Karen Mota kala huɗu a ajiye duka huɗun. Wajen rubuta baitoci a sa mutum biyu su saurara kowa daban, sannan su gwada, a kuma nemi dattawan Jos da Bukuru da tsofaffin direbobi su warware sunayen mutane da wurare da kalmomin tasha waɗanda suka fita daga bakin mutane. A rubuta yadda ya furta, kada a gyara masa Hausa.

Akwai kuma haƙƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, wato waƙoƙin Ɗan Maraya suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2085. Sautin da aka ɗauka kuma yana da tasa kariyar ta shekara 50. Masu ɗora waƙoƙinsa a YouTube suna karɓar kuɗin talla, da masu yanko kiɗansa su saka a nasu, su san akwai magada, kuma dukiyar marayu ce a shari'ance da a dokance. Duk wanda zai yi aikin adanawa ya fara zama da iyalinsa, a rubuta yarjejeniya a kan abin da za a saki kyauta don ilimi da abin da za a sayar, da kason kowa.

Wuraren da za su iya ɗaukar wannan nauyi suna nan. A Jos ɗin kanta akwai Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ma'ajiyarta ta fim da bidiyo da sauti, ga Jami'ar Jos da ta karrama shi, ga gidan tarihin da aka buɗe tun 1952, inda ya dace a ga kuntigi da bayanin ɓangarorinsa. Ga Rediyon Kaduna da take watsa shiri tun 1962. Ga Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ga cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a Kano, inda ake da masu iya rubuta waƙar baka. A tuntuɓi 'yan'uwa na Yamai da Maraɗi da Damagaram, da na zangon Kumasi, domin kaset ya yi tafiya tare da fatake da direbobi, kuma abin da ya ɓace a nan yana iya kasancewa a akwatin wani a can. Na'ura biyu masu lafiya, kwamfuta ɗaya, ma'aikata biyu da aka horar da ɗaki ɗaya mai sanyi sun isa a fara. In tsarin ya kafu a kan Ɗan Maraya, shi zai ɗauki Haruna Uji da gurminsa, da Barmani Choge da ƙwaryarta, da sauran waɗanda tef ɗinsu ke cikin hali ɗaya.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarka ta buga sanarwa ga duk mai tsohon kaset ko faifan Ɗan Maraya a gida. Ya fito da shi daga ƙarƙashin gado da cikin mota, ya ɓalle harsunan saman, kada ya kunna shi a tsohuwar rikodar da ta shekara goma ba a buɗe ba, ya rubuta a takarda abin da ya tuna game da inda aka ɗauka da shekarar, ya sa takardar cikin gidan kaset ɗin, ya ajiye a wuri mai sanyi marar laima har a sanar da inda za a kai. In an karɓa a ba shi rasit, a juye, a mayar masa da abinsa tare da kwafi.

Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, ya kyautata makwancinsa. Mun gode da filin da ka ba mu.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin kiɗan gargajiya da gyaran tsofaffin na'urorin sauti,
Jos, Jihar Filato.